Ƙarar Ɗan Fari

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin Baba ya kira sunana ba. In yana son aikena sai ya dubi bango ya ce, "A ce wa mutumin nan ya kai wa doki ruwa," alhali ina zaune kusa da shi har gwiwarmu tana neman haɗuwa. Haka ya tashi ya ga ana yi a ƙauyensu na Jazira, inda iyayensa suka yi ƙwadagon auduga, kuma da ya dawo Khartoum ya zo da kunyarsa cif, ko kaɗan ba ta zube a hanya ba. Ƙannena yakan kira su da suna, ya zage su, ya ja musu kunne, ya sayo musu alewa. Ni ban samu zagin ba, ban samu alewar ba. Ina yaro abin yana ci mini rai, da na girma sai na saba da shi.

Baba ya yi shekaru yana jan kaya da keken doki a kasuwa, daga baya ya samu aikin kula da dawaki a wani barga kusa da Alshajara. A nan na koyi hawa, a hannun Baffa, ƙanin Baba, don shi Baba ko sirdi bai taɓa riƙe mini ba. Sana'ata walda ce, ina da 'yar rumfa a cikin masu gyaran motoci. Kullum daga Alhilla Kuku nake shiga hafala, wato ƙaramar bas, zuwa Suk al-Arabi, in canza wata zuwa Alshajara, in yini ina ƙona ido da wuta, da yamma kuma in wuce barga in hau wani bikilin doki da mai shi ya ba ni amanarsa.

Wasan da muke yi Larabawa na kiransa autad, mu a gida turke muke cewa. Ana kafa ɗan guntun itace a ƙasa, faɗinsa bai kai tafin hannu ba. Mahayi ya sako doki da sukuwa, mashi a hannun dama, ya sunkuya ya soke shi. In ya taɓa shi kawai, maki biyu. In ya tumɓuke shi ya faɗi nan kusa, huɗu. In kuwa ya ɗauke shi a tsinin mashi har ya wuce wani farin layi da aka ja a gaba, ya ci shida. A baki abin ba wuya, a kan doki kuwa kafin ka ƙifta ido komai ya wuce.

Mu huɗu ne a ƙungiyarmu, duk 'yan unguwa ɗaya. Da za mu fara shiga gasa aka ce dole mu ba da sunan shugaba. Ko shawara ba mu yi ba muka ba da na Baba. Baffa ya fi shi Larabci, ya fi shi baki nesa ba kusa ba, amma wa zai ɗora ƙani a kan wa, dattijon yana zaune? Muka yi abinmu muna jin mun kyauta. Babu wanda ya tsaya ya tambayi kansa mene ne aikin shugaban nan in ban da zama a inuwa da rawani.

Aikinsa kuwa guda ne, kuma babba. A dokar wasan, mahayi ba ya ce wa alƙali uffan. In ya buɗe baki ya yi gardama, a cire shi daga gasar gaba ɗaya. In ana ganin an yi kuskure, shugaban ƙungiya ne kaɗai zai tashi da ƙafarsa ya je rumfar kwamitin ƙara, wanda muke kira lajana, ya faɗi ƙorafinsa. Kuma sai ya je kafin a kaɗa ƙararrawar wasa na gaba. Da zarar ta yi ƙara, magana ta mutu.

Na san Baba ya iya wannan aiki, don na gani. Akwai shekarar da aka rage wa ɗan maƙwabcinmu maki, wanda muke hawa tare. Kafin yaron ya juyo da doki Baba ya isa rumfar lajana. Ya tsaya da Larabcinsa na 'yan Jazira yana zayyana musu inda kofaton doki ya taka da inda turke ya sauka, bai bar wurin ba sai da aka mayar da makin. Ranar har rawa muka yi a barga.

Gasar da nake son ba da labarinta an yi ta ne a wani fili da ke yammacin Omdurman, a shekarun kafin yaƙi ya watsa mu. An sanar cewa waɗanda suka fi maki a wasan mashi za a kira su sansanin da ake zaɓen masu fita waje. Na haura talatin a lokacin. Gwiwata ta dama ta fara kumbura duk ranar da na hau, ina ɗaure ta da tsumma a ƙarƙashin wando don kada a gani. Na san in ban shiga a wannan karon ba, to ba ni ba shiga har abada. Satin gasar ko abincin kirki ban iya ci ba. Sau biyu na ƙona hannuna a rumfa saboda hankalina ba ya wurin.

Ranar muka ɗora dawaki a lori tun da safe muka ƙetare gada. Wasa ya yi mini kyau, har aka zo zagayen ƙarshe. Lissafin a fili yake, kowa ya san shi: in na ci shida na shiga, in na ci huɗu wani mahayi daga wata ƙungiya ya wuce ni. Ina jiran a ɗaga mini tuta, linzami yana santsi a hannuna don gumi. Na waiga gefen fili inda Baba yake zama kullum, kusa da mai shayi. Na hango farin rawaninsa. Duk hawan da na taɓa yi a gasa sai na nemi rawanin nan kafin in saki doki.

Aka ɗaga tuta na saki. Dokin ya tafi sambai, bai karkata ba. Na sunkuya, na ji mashi ya shiga itace, na ji nauyinsa ya taso tare da ni. Na ga farin layi ya wuce ƙarƙashin wuyan doki, turke yana nan a tsini. Sai bayan nan ya sulale ya faɗi. Na ji ihun 'yan unguwarmu, na ɗaga mashi sama, zuciyata fari tas.

Da na juyo da doki sai na ga alƙalin layi, wanda muke ce wa hakam, ya ɗaga alamar huɗu.

Da farko na ɗauka idona ne. Na sake dubawa. Yana tsaye, yana nuna ƙasa da ƙafarsa, ga turke kwance a bayan layi, ta ɓangaren da na fito. Abin da ya faru, kamar yadda waɗanda ke kusa suka gaya mini daga baya, da turken ya faɗi ƙafar doki ta baya ta shure shi ya koma. Ƙura ta tashi, alƙalin bai ga faɗuwarsa ba, inda ya tarar da shi kawai ya duba. Ban ce mugu ne ba. Amma a wannan lokacin da za a ba ni wuyansa da na shaƙe shi.

Magana ta taso mini har maƙogwaro, na haɗiye ta da ƙyar. Na sauka na ja doki zuwa gefe. Ba abin da nake kallo sai wurin Baba. Na ce yanzu zai miƙe. Yana zaune a kan ɗan benci, finjalin gahawa a hannunsa, kansa a sunkuye, ko motsi bai yi ba.

Baffa ne ya kwasa da gudu zuwa rumfar lajana, jallabiyarsa tana tashi. Ina hango shi yana ɗaga hannu yana nuna layi. Ba a daɗe ba ya dawo yana huci.

"Sun ce ba ni ba ne ra'is, shugaban ƙungiya," in ji shi. "Sun ce sai Yaya da kansa."

Samarin unguwa suka kewaye ni, kowa yana tura mini waya a fuska, wai ya ɗauka, in duba. Na ture su. Lajana ba ta karɓar hoton 'yan kallo, kowa ya san haka. A cikin fili kuwa ma'aikata sun fara kafa sababbin turaku don wasan takobi. Da sun gama za a kaɗa ƙararrawa. Ina jin bugun gudumarsu har cikin ƙirjina.

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Shekara da shekaru muna gasa, ba a taɓa samun ranar da aka cuce ni ni kaina ba, shi ya sa ba mu taɓa lura ba. Mun ɗauki mutumin da ba ya iya kiran sunana a cikin ɗakinsa, mun ce shi kaɗai zai tsaya gaban jama'a ya yi faɗa domina. A wurin Baba, uba ya miƙe a bainar mutane yana kare ɗansa na fari, abu ne da ko a mafarki ba ya yi. Kuma mu da hannunmu muka rufe kowace ƙofa sai tasa.

Baffa ya durƙusa a gabansa. "Yaya, Allah ya ba ka haƙuri, tashi. Wallahi yaron nan ya wuce khatt, farin layin nan. Kowa ya gani."

Baba ya juya finjali a hannunsa. "Hakam ya yanke."

"Hakam ya yi galat, kuskure ne! Ai don haka aka yi lajana. Kai ne ra'is, ba don ɗanka za ka je ba, don fariƙ, ƙungiyarmu, za ka je."

Mai shayin, wata dattijuwa da ta san mu, ta dubi Baba ta ce, "Ya Hajj, gahawar nan ba gudu za ta yi ba, in ka dawo na ɗumama maka." Ko murmushi bai yi ba.

Na miƙa wa wani linzami na matso. Ban taɓa roƙon Baba wani abu baki da baki ba, ban ma san yadda ake farawa ba. Sai na tsaya kusa da Baffa na ce da ƙarfi, "Baffa, a faɗa wa Baba na wuce layi da shi."

Baffa ya juya ya ce, "Yaya, ya ce ya wuce."

Mu uku a wuri ɗaya, tabarma guda za ta ɗauke mu, muna aika saƙo kamar ɗaya yana Jazira. Da wani aka yi wa haka da na yi dariya har in faɗi. Baba ya dubi Baffa ya ce, "A ce masa Allah ya ba da na gaba."

Na gaba! Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Wace gaba, da wannan gwiwar? Na waiga fili, saura turaku kaɗan a kafa. Mai ƙararrawa ya riga ya taso daga kujerarsa yana miƙa. Tsoro da haushi suka haɗu mini, na ce, har yanzu Baffa nake kallo, "Da ɗan maƙwabci ne da tuni an isa rumfar."

Baffa ya zaro ido. Baba ya ajiye finjalin a ƙasa a hankali, ya gyara rawaninsa, ya miƙe.

Tafiyar da ya yi zuwa rumfar nan ita ce tafiya mafi tsawo da na taɓa gani. Bai yi sauri ba. Yana takawa kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa, hannunsa a baya, idonsa a ƙasa. Ni ina bin sa, ido ɗaya a kansa, ɗaya a kan mai ƙararrawa. Ma'aikata suka buga turke na ƙarshe suka fita daga fili. Mutumin ya ɗauki ƙararrawa. Baffa ya ruga yana ihu a dakata, "Istanna, ya zol, istanna! Ga ra'is nan tafe!" Mutumin ya dubi rumfa, wani daga ciki ya ɗaga masa hannu, ya dakata.

Mutum uku ne a lajana, a bayan wani tebur. Shugabansu tsohon mahayi ne mai furfura da tabarau, ya miƙe ya gaisa da Baba da girmamawa. An yarda mahayi ya tsaya a bayan shugabansa, amma ba zai yi magana ba sai an tambaye shi. Na tsaya ina kallon ƙeyar Baba. Gumi ya jiƙa bayan jallabiyarsa, ban taɓa ganin haka ba.

"Itfaddal, ya Hajj. Wane mahayi?"

Baba ya faɗi lambar da ke bayana.

"Mene ne ƙorafin?"

"Turken ya wuce layi kafin ya faɗi."

Na saki numfashi. Ya faɗa. Na ce a raina an gama, yanzu zai zayyana musu kamar yadda ya yi wa ɗan maƙwabci. Aka kira alƙalin layi, ya ce shi a bayan layi ya tarar da turke, ƙura kuma ta yi yawa, abin da ya tarar da shi ya yi hukunci. Daga muryarsa na ji shi kansa ba shi da tabbas. Shugaban ya gyaɗa kai, da alama shi ma ya ji haka. Ya juyo wurin Baba.

"Tamam. Wurin zamanka daidai layin yake, ya Hajj. Inta shufta? Faɗa mana abin da ka gani da idonka."

Baba ya tsaya yana kallon ƙasa har ɗaya daga cikinsu ya ɗago kai. Kalma ɗaya ce, ya ce na gani, shi ke nan. Ina ta faɗinta a zuciyata kamar zan tura masa ita ta baya.

"Ban gani ba," in ji Baba.

"Ƙura ce ta tare ka?"

"A'a."

"To ka tashi daga wurin ne?"

"Ina wurin." Ya gyara murya. "In shi ne a kan doki, ƙasa nake kallo."

Shugaban ya cire tabarau. "Yau kawai?"

"Tun da ya fara hawa."

Daga bakin rumfa Baffa ya ce a hankali, "Ɗansa ne, na fari." Shugaban ya dube shi, ya dubi Baba, ya ce da mamaki, "To ai shi ya fi cancanta ka kalla, ya Hajj!" Ta yaya ma Baba zai yi masa bayani? Ni kuwa ina tsaye a bayansa. Shekara goma sha wani abu ina neman rawanin nan kafin in saki doki, ina gyara zama a sirdi don ya gani. Ashe ba ko ɗaya da ya gani.

"In ba ka gani ba," in ji shugaban, muryarsa a tausashe, "da me za mu soke hukuncin hakam?"

Baba bai juyo ba. Yana kallon tebur ya ce da Hausa, "Kai. Ka wuce layi da shi?"

Ni yake tambaya, ba ta bakin kowa ba. Na dubi shugaban, ya yi mini alama in amsa. "Na wuce, Baba."

Baba ya koma Larabci ya ce musu, "To ya wuce. Ba ya ƙarya."

Suka haɗa kai suna magana ƙasa-ƙasa. Ina kallon leɓunansu, ina kallon hannun shugaban yana juya tabarau. Na yi addu'ar da na sani da wadda ban sani ba. Ba su daɗe ba. Shugaban ya ce ya yarda Hajj mutum ne mai gaskiya, kuma gaskiyar tasa ce ma ta ɗaure musu hannu. Mai ƙara bai gani ba, mahayi kuwa ba ya yi wa kansa shaida. Hukuncin alƙalin layi ya tsaya, maki huɗu. Ya ce malesh, a yi haƙuri, ya sake cewa malesh. Muna fita daga rumfar aka kaɗa ƙararrawa.

Ban je sansanin ba. Shekarar da ta biyo gwiwa ta ƙi sam, daga nan kuma yaƙi ya zo, barga ya watse, kowa ya kama gabansa. Har yau in na tuna makin nan biyu sai in ji ɗaci a bakina, ba zan ce na haƙura ba.

A ranar dai ban shiga wasan takobi ba. Na kwance sirdi, na shafe wa doki gumi, ban kula kowa ba. Haushin Baba nake ji, haushin da ban san inda zan ajiye shi ba. Da ya yi ƙarya sau ɗaya me zai ragu a jikinsa? Da ya ɗaga kai sau ɗaya fa? Da rana ta yi sanyi muka ɗora dawaki a lori. Wurin zama a gaba ya cika da kaya, don haka Baba da Baffa suka hau baya, suka zauna a kan damin ciyawar barsim. Ni na tsaya can ƙurya tsakanin dawaki, na riƙe ragamar bikili, na ba su baya.

Mun hau gada, motoci sun cunkushe, lori yana tafiya kaɗan yana tsayawa. Can sai na ji muryar Baba ƙasa-ƙasa, yana zaton ƙarar inji ta rufe ta.

"Mutumin nan," ya ce wa Baffa, "ya iya kuwa?"

"Wallahi Yaya, ya iya. Duk filin nan babu mai zama a sirdi kamarsa."

"Yaya yake yi in zai sunkuya?"

Baffa ya fara kwatanta masa da hannu, yadda nake sakin linzami, yadda nake kwantar da kafaɗa, yadda mashi yake sauka. Baba yana ta cewa to, to, yana ƙara tambaya. Na cusa fuskata a wuyan doki don kada su ji ni, har muka sauka daga gada Baffa bai gama ba.